Shanyar Ƙafar Kawu Sale

Duk wanda ya tashi a Toranke zamanin muna yara ya fi sanin tafin ƙafar Kawu Sale da fuskarsa. Da an idar da la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ya kwanta rigingine, ya tusa buhun ƙaiƙayi ƙarƙashin kwankwaso, ya jingina ƙafafu sama a jikin rumbun, ya lumshe ido. Shi ke nan, ko gobara ake yi sai dai a kashe ba shi.

Wan mahaifiyata ne, tsohon soja. A Indiya ya koyo abin lokacin yaƙin Bama, wai sunansa yoga. Mu dai shanyar ƙafa muke ce masa.

Wata rana matarsa Inna Habi ta ƙwala ihu, "Malam, akuya na cinye maka gyaɗa!"

Ko ido bai buɗe ba. "Ce mata ta tauna a hankali."

Wani baƙo daga Gaya kuwa ya shigo ya gan shi sanƙame, ya fasa salati.

Kawu ya ce, "Bawan Allah, ka taɓa ganin gawa ta ɗaga ƙafa? Matsa can ka yi kukanka, numfashina nake saurare."

Ni uwar surutu, na taɓa tambayarsa amfanin abin. Ya ce, "'Yar nan, tun da na dawo ƙarar bindiga ba ta bar kaina ba. Sai na kwanta haka take yin shiru." Daga ranar na daina yi masa dariya, sai dai a ɓoye.

To, sai tsegumi ya tashi wai Kawu bauta irin ta Indiyawa yake yi. Mai unguwa ya ce liman ya je ya duba, in da matsala dole Kawu ya bari. Wallahi ranar na ga tsoro a idon Kawu, abin da ban taɓa gani ba.

Liman ya zo yana dafe da bayansa mai ciwo.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ruku'u ba sujada. Kwanta ka gani."

Liman ya kwanta, Kawu ya ɗora masa ƙafafu a rumbu. Jama'a, sai minshari! Har ladan ya zo nemansa sallar magariba. Mai unguwa ya ce, "Malam, me ka gano?"

Liman ya gyara rawani. "Binciken bai ƙare ba. Gobe zan dawo."

Har Kawu ya bar duniya liman bai gama binciken nan ba.

A shekarar da aka yi fari Kawu ya rasu, a kan tabarmar, ƙafafu a jikin rumbu. Inna Habi ba ta sani ba, tana zaune gefensa tana korar masa kaji kada su dame shi.

Allah ya jiƙan Kawu. Shirun nan da ya yi ta nema da la'asar, Allah ya ba shi cikakke a kabarinsa, amin.