Lambar Motar da Ban Rufe Ba

Duk Hausawan Gubaira, unguwarmu a nan ƙasar Larabawa, sun yarda cewa yayana ya ɗauki motar gidan kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a kan takardun zama, ba da izini ba, ya kai ta filin tsere, shi ya sa aka sallame shi daga ƙasar. Ba haka ba ne. Ko taku ɗaya bai tuƙa motar nan a filin ba. Ni na jawo masa, kuma shekara guda ke nan ina jin ana zaginsa ina yin shiru.

Lokacin shekarata goma sha tara, na gama sakandare ina zaune a gida, ba ni da aiki sai waya. Babanmu makanike ne, cikin ƙarar inji na tashi, kuma shekarar da aka bar mata su yi tuƙi son mota ya zame mini hauka. Na buɗe shafi ina saka hotunan motoci, na shiga guruf ɗin masu zuwa filin tsere. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani a gidanmu.

Yaya direba ne a gidan wani Balarabe, Baba ne ya samo masa aikin. Ɗan gidan yana da jar mota mai ƙofa biyu, amma uban ya hana shi tsere tun da ya taɓa yin haɗari. Wata Juma'a da safe ɗan ya sa Yaya ya raka shi filin da ke bayan gari, ranar da ake buɗe wa masu motoci su gwada gudu. Yaya ya tsaya gefe yana ɗaukar bidiyo. Da aka tashi ya ari hular kwano, ya jingina da motar aka ɗauke shi hoto, don kawai ya burge ni.

Masu zuwa filin suna da doka: ba a sakin hoto sai an rufe lambar mota, saboda inshora da iyaye da kafilai. Na san dokar sarai. Yaya ya turo mini komai, ya ce in gyara amma kada in saka sai ya dawo ya duba. Ina zaune guruf ya cika da hotuna, kowa na ba da labarin kwanar da ya sha da yadda tayarsa ta yi hayaƙi. Na rufe lamba a bidiyo biyu, na gaji, na ce wa zai tsaya karanta lamba? Na saki hoton Yaya da hular, lamba a fili, har na rubuta cewa ɗan Najeriya ya ba su kashi.

Kwana uku wani ɗan'uwan maigidan ya nuna masa hoton. Ɗan gidan ya rantse bai san komai ba, wai mukulli ya bayar a je a canja baƙin mai. Yaya bai musa ba. Ya ce mini babu uban da zai ɗauki maganar direba ya bar ta ɗansa, kuma shi ma ai ya ɓoye wa maigidan zuwansu filin. Aka soke iƙamarsa, wato izininsa na zama a ƙasar, aka buga masa fitar da ba dawowa.

Baba bai san daga inda hoton ya fito ba, ba ya duba irin shafukan nan. Ya ce Yaya ya zubar masa da mutunci, ya daina amsa gaisuwarsa, ko rakiya bai yi masa ba. A filin jirgi na jira Yaya ya zage ni. Sai ya ce in goge shafin kawai, sannan ya tambaye ni ko dai hoton ya yi kyau. Har yau in na tuna tambayar nan ba na iya haɗa ido da madubi.

'Yan'uwana masu saurin hannu a waya, dokar da kuke gani ta ɓata lokaci, zaman wani take karewa. Mu da ke zaune a kan iƙama, hoto ɗaya ya ishe mu. Shirun da na yi kuma ya fi sakin hoton muni.

Har yanzu ina da bidiyon da ɗan maigidan ke fitowa daga kujerar direba, muryar Yaya tana bayan waya tana yi masa sannu. Na san ba zai dawo da iƙama ba. Amma Juma'ar nan, in Baba ya dawo daga masallaci, zan ajiye wayar a gabansa in faɗa masa komai, kuma ba zan tashi ba sai ya kira Yaya.