Mai Jiran Farar Mota

Kowace safiya yana nan bakin tashar Madarumfa, zaune a kan benci, rigarsa ta sha guga har wuyanta ya fara cinyewa. Bik biyu na rubutu a aljihu, kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango a cinya, tabarau kuwa da zare aka ɗaure shi. Mai shayi na kiransa Mushe Manasse, wato Malam Manasse da Faransanci.

An ce da can turawan wani furoje, aikin bincike kan masunta, ke kawo masa kaset-kaset har gida a farar mota, ya zauna a zaure yana sauraren hirar masunta yana rubuta musu da Faransanci. Yau shekara uku ke nan da furojen ya tashi. Allah sarki, wataƙila a gida akwai matar da ta daina tambayarsa ina za shi.

Sai ga farar mota daga hanyar Maraɗi. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗaga kayen daidai ƙirji yadda za a gani. Motar kuwa ta tsaya!

"Baba, ina ake samun kifi mai kyau?" in ji direba.

"Wane iri, ɗana? Tarwaɗa ko karfasa? Ai duk na rubuta, har watan da kowanne ke yin ƙwai."

"Soyayye dai, Baba. Sauri muke."

Ya nuna masa rumfar mai suyar kifi da hannu. Motar na ɓacewa mai shayi ya ce, "Mushe, a zubo?"

"Bari tukuna," ya ce, idonsa a hanya. "Ranar Talata motocin sukan zo biyu."