Leshin da Ya Shiga Intabiyu Sau Huɗu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina share ofishin kula da al'amuran ɗalibai na jami'a a Samaru, kuma a cikinsu duka akwai wata Talata da har gobe ba ta fita raina ba. Ita ce ranar da na buɗe baki a gaban kwamiti, ni da ba don magana aka ɗauke ni aiki ba. Tunda kun ce kowane tsohon ma'aikaci ya bar wa 'yan baya labari guda, ga nawa. Ban yi boko ba. Bakina aka bi aka rubuta, na kuma sa an karanta mini don kada a ƙara gishiri.

Sunana Jummai, amma ɗalibai Mama Soja suke ce mini a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Na shiga aiki a mataki na ɗaya, na fita a na uku. Aikina shara da goge-goge, kai fayil idan masinja ba ya nan, sai kai shayi ranar zaman kwamiti. Daga Muchia nake tasowa in hau bas, ƙarfe bakwai ta yi mini a bakin ƙofa. Tunda takarda ba ta yi mini magana, sai na koyi kallon mutane: takalminsu, zamansu a benci, da yadda suke riƙe leda.

Bari in bayyana yadda tallafin karatu yake tafiya, don wanda bai sani ba. Ɗan ƙasa yana da ƙofofi: jiharsa, wata ƙungiyar garinsu, wani lokaci coci ko masallaci. Baƙon da ya zo daga Nijar ko Kamaru ko Cadi kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan gida, kuma ba shi da jihar da zai kai kuka. Abin da ya rage masa shi ne ɗan tallafin da jami'a take bayarwa ta ofishinmu, wanda 'yan gida da baƙi suke nema tare. Ana cika fom, a tace, a kira waɗanda suka tsallake zuwa intabiyu. Mutum biyar ne a kwamiti, kowa da takardarsa, suna ba da maki a kan abu uku: ƙoƙari a karatu, hali, da buƙata. Sakatare ba shi da maki, rubutu kawai yake yi. Mai kai shayi kuwa, dokarta guda ce: ba ta ji ba, ba ta gani ba.

A shekarar da nake ba ku labari, cikin damina, akwai wata yarinya 'yar Nijar mai suna Hajara, daga wani ƙauye wajen Damagaram, tana shekara ta uku a karatun haɗa magunguna. Ban taɓa zama da ita ba, amma na san ta. Dogon hutu biyu a jere, lokacin da aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai kowa ya tafi gida, na gan ta a wata rumfa a kasuwar Samaru tana yi wa mata kitso. Sannan mako guda kafin intabiyu, ina goge matakala, na ji ta a lungu tana waya ƙasa-ƙasa.

"Baba, kada ka saida gonar," in ji ta. "In ba a samu ba sai in taho gida. Ba komi, wallahi ba komi."

Ta juyo ta gan ni, ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba ita ce take share ido yanzu ba. Na ce mata ta bi ta gefe, wurin da jiƙa.

To, sai leshin. Ran Litinin, ranar farko ta intabiyu, wata yarinya ta shigo cikin leshi ruwan goro mai duwatsu, irin na zuwa biki. Ina ganinsa na gane shi. Na Mama Ngozi ne, maƙwabciyata mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari. Ina tsakar gidan ranar da garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya ƙone bayan zanin, ta ƙasa, hannun hagu, kamar faɗin ƙwandala. Ta ba 'yarta Ngozi, wadda take karatu a nan. Da yammacin Litinin ɗin leshin ya sake shigowa a jikin wata daban. A banɗakin mata da ke bayan matakala suke canjawa, ni nake tsintar fil ɗin da suke zubarwa. Ban ce komai ba. Yarinya ta ari kaya don ta tsaya gaban manya da mutuncinta, ina laifi?

Ran Talata wajen sha ɗaya da rabi, ina cikin ɗakin taro ina jera kofuna, aka kira Hajara. Ta shigo cikin leshin. Ya yi mata kyau kuwa, kamar a kanta aka auna. Shugaban kwamiti, Farfesa Garba, ya yi mata tambayoyin karatu, ta amsa har wata Dakta a cikinsu tana gyaɗa kai. Sai ya zo kan buƙata.

"Yaya halin gida?"

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe, lahiya lau."

"Mahaifinki yana iya ɗaukar nauyinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana ƙoƙari, Allah shi saka mai da alheri. Ba mu rasa komi ba."

Tana fita Farfesa ya ce, "Ƙwaƙwalwa kam akwai ta. Amma buƙata? Kun dai ji da kunnenku. Kuma kun ga leshin nan? Uwargida ta nuna mini irinsa a Sabon Gari, na ce ta bari sai an biya mu ariyas ɗin albashi." Aka yi dariya, kowa ya duƙa ya rubuta. Ban iya karatu ba, amma na san bambancin hannun da ya ja lamba babba da wanda ya ɗiga 'yar ƙarama ya wuce.

Da aka tashi sallar azahar na tare sakataren, Malam Ishaya, a baranda. Na faɗa masa abin da na sani. Ya dafe kai.

"Mama Jummai, kin san doka. Ni kaina ba ni da baki a ciki. Saura shekara huɗu ki yi ritaya, kina so a buɗe miki fayil da takardar tuhuma?"

"Fayil ɗin nawa ni nake kaɗe masa ƙura," na ce. "Na san siriri ne. Zai ɗauki takarda guda."

Ba tsoron takardar ba ne ya sa na tsaya jim. Asirin yaran ne. Su huɗu ko biyar suka rufa wa juna, Kirista da Musulma, 'yar gida da baƙuwa, ni kuma zan je in kwance. Amma a can ƙarshen benci na hango wata 'yar gajeriya, Rifkatu, daga kudancin Kaduna, wadda za a kira bayan azahar. Tana zaune cikin tsohon siket da silifas, ba ta damu da shirin komai ba, idonta yana kan ƙofar banɗaki. Na san abin da take jira. Na kuma san abin da zai same ta idan ta shiga da shi.

Suna dawowa suka zauna, na ajiye fulas, na tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. In na wuce iyaka a rubuta ni."

Farfesa ya ɗago da mamaki. "Mama Soja—" Sai ya kama bakinsa. Ai shi ma ɗalibi ne a nan lokacin da na fara aiki, na taɓa mayar da shi baya ya cire takalmi saboda ya taka mini sabon gugan siminti. "Mama Jummai, muna jin ki."

"Leshin nan da kuka ba maki ɗazu, zuwansa na uku ke nan. Jiya ya zo sau biyu. In kun yi haƙuri, kafin la'asar zai dawo. Ku dubi bayan zanin, ta ƙasa, hannun hagu, akwai ƙunar garwashi."

Ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ba tsari ba ne, yaushe aka fara karɓar shaidar mai shara? Farfesa ya ce, "Ba shaida muka karɓa ba. Zani za mu duba. Mama, tsaya nan ki zuba mana shayi."

Aka kira mutum biyu maza, suka fita. Sai Malam Ishaya ya leƙa ya kira Rifkatu. Ta shigo cikin leshi ruwan goro, an naɗe zanin sau biyu a ƙugu, hannun rigar an kama shi da fil, tana tafiya a hankali don kada ta taka. Ta amsa tambayoyinta. Da aka zo kan gida ta ce, "Mun gode wa Allah, sa, muna lafiya." Da ta juya za ta fita, kawuna biyar suka sunkuya lokaci guda, kamar an ce musu ga kuɗi a ƙasa. Ƙunar tana nan inda na ce.

Ƙofa tana rufuwa Farfesa ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye. Can sai ya daina dariyar.

"Jiya ma mun rage wa biyu maki saboda shi," in ji shi. Ya dube ni. "To me ya hana ta faɗa? Mun tambaye ta ƙarara."

"Ranka ya daɗe, da kai aka zaunar gaban baƙi biyar aka ce ko tsohonka ya gaza, me za ka ce?"

Ya mayar da tabarau a idonsa.

"Ku tambaye ta abin da za ta iya amsawa ba tare da ta kunyata ubanta ba," na ce. "Yaushe rabonta da gida. Ina take kwana idan an rufe makaranta. Amma ina roƙon abu guda: kada wanda ya ambaci leshi a gabansu."

Malam Ishaya, da ya ce ba shi da baki, shi ya buɗe littafin ƙa'ida ya nemo hanya. Matuƙar shugaba bai sa hannu a takardar maki ba, kwamiti yana da ikon sake kiran ɗalibi don ƙarin bayani. Aka sake kiran su huɗun, aka haɗa da wasu maza da mata don kada a gane dalili. Kuma da gangan ko ba da gangan ba, ban taɓa tambayarsa ba, ya sa musu lokaci guda: Alhamis, ƙarfe goma. Leshi ɗaya, mutum huɗu. Suka rasa wadda za ta sa, kowacce ta zo da nata. Hajara ta zo cikin atamfar da wanki ya cinye wa launi, amma an goge ta tsaf.

"Yaushe rabonki da gida?" in ji Farfesa.

"Shekara biyu da wata huɗu."

"A ina kike zama lokacin hutu?"

"Wajen wata mai kitso a bayan kasuwa. Ina taya ta aiki, ta ba ni wurin kwana."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba, ba ta kuma ce mahaifinta ya gaza ba. Tambaya aka yi, ta ba da amsa, ta fita da kanta a sama.

Bayan mako uku aka liƙa sunaye a allo. Na tsaya da tsintsiyata daga nesa ina kallon fuskoki. Rifkatu ta yi tsalle har silifas ɗinta ya fita. Ɗaya daga cikin 'yan Litinin ta samu, ɗayar ba ta samu ba, makin karatunta ne bai kai ba, wannan kuma ba abin da bakina zai gyara ba ne. Hajara ta sa yatsa a kan takardar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta wuce lungun matakala ta ciro waya. Wannan karon na matsa nesa, ban saurara ba.

Da ta gama ta zo ta durƙusa a gabana. "Mama, ke ce ko?"

"Ni ce me? Ɗaga ƙafarki, yanzu na goge wurin nan."

Takardar tuhuma ba ta taɓa zuwa ba. Ranar da na yi ritaya, wani direba mai zuwa Nijar ya kawo mini ƙunshi: turmin atamfa mai tsada, daga Hajara, tana aiki a wani asibiti a can. Ban ɗinka wa kaina ba. Na kai wa tela a Sabon Gari na ce ya yi riga da zani masu yalwa, da igiya a ƙugu, yadda za su shigi doguwa da gajeriya. Suna cikin sito a hannun wadda ta gaje ni, da kwalin fil. Leshin Mama Ngozi ya tsufa, ya huta.

Abin da na koya, ku da kuka rage a ofishin nan, shi ne fom ɗinmu bai taɓa cewa a duba tufafi ba, ido ne yake dubawa. Yaranmu kuma, na gida da baƙi, an yi musu tarbiyyar da ba za su zauna gaban manya su ce gidansu babu ba, ko da karatun zai tafi. Mai tsananin buƙata sau da yawa ita ce za ta fi kowa kwalliya ranar intabiyu, ita ce kuma za ta fi saurin cewa lafiya lau. Don haka in kun ga atamfar nan ta shigo, ku bar ta ta zauna da mutuncinta. Ku dai tambaye ta yaushe rabonta da gida.