Ƙusoshin Ɗakin Baba

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Ƙaraye, shekarata biyu da aure, kuma ni irin matan nan ce da ba sa shiga ɗakin mutum su fito ba su sake masa tsari a zuci ba. Na manna takardar ado a bangon falona, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, kaina ya kumbura. Daga nan na ƙyalla ido kan ɗakin mahaifina a Zoza.

Baba ya daɗe yana rubuta wa dagaci takardu, dattijo ne mai tsafta, wanda ba ya son kowa ya ga gazawarsa. Amma bangon ɗakinsa kan ba ni haushi. Ƙusoshi ne birjik, wasu an rataya musu hula ko carbi ko makulli, wasu kuwa ba komai a kansu, a jere daga bakin gado har ƙofa, ga wata ƙatuwa ita kaɗai a bangon gabas. Na auna ɗakin a ɓoye, mijina ya raka ni Kano, na wuni ina zaɓen takardar ado. Mai shagon ya ba ni shawarar in ɗauki mai launin ƙasa tunda ɗakin dattijo ne, na yi kunnen uwar shegu na ɗauki mai manyan jajayen furanni. Ya ce lallai in cire kowace ƙusa, in toshe ramukan, in goge da samfefa, in bari ya bushe kafin in shafa gam. Wannan shawarar kam na bi ta sau da ƙafa.

Da Baba ya tafi suna gidan ƙanensa a Yammedi na kwana huɗu, na dira gida da kayana. Inna ta ce in jira mai ɗakin ya dawo, na yi ta yi mata daɗin baki har ta ƙyale ni. Ƙusa ashirin da uku na zare da filaya, ina waƙa. Gadon ma na ja shi zuwa wani bangon, don mai shigowa ya fara yin arba da furanni.

Ranar da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya shafa bango, ya sake shafawa. Can ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa ne da ni. Daɗi ya cika ni har ban damu ba da na ga ya bugi gadon da ƙwauri, na ɗauka gajiyar hanya ce.

Washegari da hantsi na kai masa koko, na tarar yana sallar walaha yana fuskantar kudu. Mutumin da ya koya mini salla. Da ya sallame na durƙusa na gaya masa a hankali. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya faɗa mini abin da ko Inna bai faɗa wa ba. Kusan shekara biyu ke nan hazo ya rufe masa ido, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. A waje yana bin takun maƙwabta zuwa masallaci, a ɗaki kuwa ƙusoshin nan ne jagorarsa, su ke kai shi ƙofa, su nuna masa hula da magani, babbar ta gabas kuma ita ce alƙiblarsa. Ya ɓoye ne don kada a zaunar da shi a hana shi zuwa gona, ana kallonsa da tausayi. Wallahi ban taɓa jin kunya da nadama irin na wannan safiya ba. Na yi kuka har shi ya koma yana ba ni haƙuri.

Nan take na ɗauko guduma na mayar da babbar ƙusar, na huda tsakiyar wani fure ban ji komai ba. Sauran ashirin da biyun kuwa na ƙulle su a gyalena, na ce ba za su koma ba sai ya yarda mun je asibiti. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga ƙarshe ya yi dariya ya ce ba sunan uwarsa kaɗai na ɗauko ba, har da taurin kanta. A Kano likita ya ce yanar ido ce, aikinta ba wuya, aka yi wa ido ɗaya, bayan 'yan makonni aka yi wa ɗayan.

Da muka dawo gida ya sake tsayawa a bakin ƙofar nan, wannan karon hannunsa a aljihu. Ya ƙare wa bango kallo, ya juyo ya dube ni. "Uwata, ashe wannan gobarar nake ta sa wa albarka?" Sannan ya nuna mini layin da ke kusa da taga, furanninsa duk kansu a ƙasa, abin da ni mai ido biyu ban lura da shi ba. Inna ta yi dariya har da hawaye. Na ce bari in ɓare, ya ce a kul, tunda ita ta tona masa asiri a bar ta ta zauna. Yanzu da kansa yake karanta Alƙur'aninsa, yana kuma gano ciyawa a gonar gyaɗa tun kafin kowa ya gani.

Allah ne ya juya kuskurena ya zama alheri, ba dabarata ba, don da ya faɗi ya karye a ɗakin nan da ban yafe wa kaina ba. 'Yan uwa masu son gyara wa iyaye ɗaki, ku gyara, amma ku tambaya tukuna, ku kuma lura da yadda suke tafiya da yadda suke laluben kayansu. Na yi shekara biyu ina hararar bangon Baba, ban taɓa duban idonsa ba. Ƙusoshin suna nan a gyalena har yau, bai sake neman ko ɗaya ba.