Sunan da Baffa Bai Taɓa Kira Ba

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, mu biyar a bayan wata tsohuwar Landiroba da sai an tura take tashi. Dukkanmu malaman makaranta ne da muka daɗe muna taɓa rubutun wasan kwaikwayo, wata uku ke nan muna haɗuwa ran Asabar muna yi wa juna gyara. Dattijon da ke jagorantarmu ne ya ce mu kai wasa guda ƙauye, a gwada shi a kunnen mutanen da aka rubuta a kansu. Nawa aka zaɓa, kaina kuwa ya kumbura.

Hanyar Zariya lafiya lau, amma muna sauka daga kwalta wajen Kura ƙugunmu ya gaya mana. Alkama kore shar a tsakiyar rani, ruwa na bin kanal kamar an ja layi da rula. Tumatir ya yi arha har kwando bai kai kuɗin motar kai shi birni ba. Muka karya da gurasa, wani abokinmu ya shanye ƙwaryar fura shi kaɗai, wai nazarin rayuwar karkara yake yi.

Da hantsi muka isa wani ƙauye kusa da Bunkure. A nan Baffa yake, dattijon makiyayi da na zauna da shi bara. Shi ya ba ni labarin ɗansa na fari, wanda ya shiga kanal zai fito da maraƙi, ruwa ya tafi da shi. A kan wannan na gina wasan. A ƙarshensa na rubuta wa uban doguwar magana, yana tsaye bakin ruwa yana ƙwala kiran sunan ɗan sau uku. Tun a Kano jagoranmu ya ce, "Malam, ka tabbata uba zai faɗi haka?" Na ce ai nan ne daɗin wasan. Ko sunan yaron ban canza ba.

Bayan la'asar muka yi wasan a gindin tsamiya, Baffa na gaba a kan buzunsa. An yi dariya inda ya dace. Da abokinmu da ya fito a matsayin uban ya ɗaga murya ya kira sunan, wuri ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka wasa ya ratsa su. Baffa ya naɗe buzu ya tafi.

Na bi shi har garke. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗan nan, shekara ashirin da biyu ina tare da yaron, ban taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne. Ranar da aka tsamo shi ma ban kama ba. Yau ka sa na kira shi a gaban surukaina."

Sai a lokacin na tuna, duk zamanmu na bara "wancan yaron" yake cewa. Sunan a bakin maƙwabcinsa na ji. Kuma na san kunyar ɗan fari sarai, uwata har gobe ba ta kiran sunan yayana. Son a tafa mini ne ya toshe mini kunne. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya sa aka kawo mana nono. Bai rako mu ba.

Mun shigo Kano da magariba, babu mai zolayar wani. Tafiyar ta koya mini cewa marubuci ya saurari abin da mutum ya ƙi faɗa, ba wanda ya faɗa kaɗai ba. Na soke doguwar maganar. Yanzu uban yana buɗe baki, ya rufe, ya kora shanunsa. Jagoranmu ya ce wasan ya gyaru, na kuma yarda. Sai dai wasan farkon ne Baffa ya gani.