Kabad ɗin da Na Ɗora wa Teku

Ban taɓa ganin teku ba, amma na ƙudurta ajiye kifayensa cikin akwatin gilashi a falona na unguwar Jiddari Polo. Duwatsun ciki da siminti na ƙera su. Kabad ɗin da zai ɗauki akwatin gilashin kuwa, da katakon akwatunan busasshen kifi na harhaɗa shi, waɗanda na samo a kasuwar kifi ta Baga Road. Ban yi tunanin nauyin ruwa ba.

Da hantsi ina juye jarka ta shida ta ruwan gishiri, sai na ji katako ya yi ƙara, ƙafa ɗaya ta fara lanƙwashewa. Jaririyarmu tana kwance a tabarma daf da shi, don nan fanka ke kaiwa.

Na tokare gilashin da ƙirjina, bakina na salati.

"Hajiya! Zo ɗauke yarinyar nan!"

Matata ta shigo a guje, hannunta duk ƙullu, ta sure ta. "Malam, sake shi mana, ya fashe!"

Na kasa saki, har sai da ta kwashe ruwan da kwano. Allah Ya tsare. Yau kifayena a kan bulo suke, tabarmar kuwa tana can ɗaya ɗakin.