Yadda Muka Toshe Wa 'Yan Kudan Hanya

Shekarar da gwiwata ta hana ni buga ƙwallo, samarin unguwarmu a Dandamisa suka taru suka ce sai in zama kocinsu. Ina koyarwa a firamare a lokacin, ina da usur ɗin da nake tara ɗalibai da shi da safe, kuma har yau ina zargin usur ɗin nan ne ya jawo min muƙamin, ba wani sanin tamaula ba. Na karɓa da murnata. Filinmu yana bayan makaranta, gefe ɗaya gonar rake, ɗaya gefen hanyar da shanu ke bi zuwa rafi.

Wasanmu na farko a hannuna da wata ƙungiya ce daga Kudan. Suna da wani ɗan tsakiya gajere mai sanyin jiki, da wani ɗan gaba siriri mai gudu kamar an koro shi. Gajeren zai taka ƙwallo, ya ɗaga kai, ya zura ta ƙasa-ƙasa ta tsakanin 'yan bayanmu, siririn ya bi ta, sai ga shi daga shi sai gola. Sau huɗu suka yi mana haka, sau huɗun kuma tana kwana a raga.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga 'yan bayan nan huɗu kowa harkar gabansa yake yi. Biyu wa da ƙane ne, manoma, duk inda ƙwallo ta nufa tare suke rugawa. Na uku mai sayar da rake ne a tashar Makarfi, ƙaƙƙarfa amma ba ya waiwaye. Na huɗun tela ne, ya girme ni da shekara biyu, shi kuma can baya yake maƙalewa kusa da gola suna hira. Tsakaninsu fili ne da ko amalanke za ta wuce.

Ranar atisaye na shiga gida na kwance igiyar guga daga bakin rijiya.

"Kai, ina za ka kai min igiya?" in ji mahaifiyata.

"Inna, aro ne. Kafin magariba za ta dawo."

"Yanzu kuma ƙwallon har da ɗiban ruwa?"

A fili na ɗaura wa su huɗun igiyar a ƙugu, na bar taku goma-goma a tsakaninsu. Na ce in ɗaya ya matsa, dole sauran su bi shi, a jere kamar sahu. Ina busa usur wa da ƙanen suka zabura gaba, tela yana tsaye yana gyara safa, sai ji muka yi rim, ya zube, ya jawo mai rake a kansa. 'Yan kallo suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

"Malam, ni fa magidanci ne," in ji tela yana kakkaɓe ƙasa. "A ɗaure ni kamar ɗan akuya a gaban surukaina?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ranar da ka daina hira da gola, ranar zan kwance ka."

Sati biyu muka yi a haka. Suka iya tafiya tare, su fito tare, har na cire igiyar ba wanda ya karya layi. Dabarata ita ce su riƙa fitowa gaba lokaci ɗaya, su bar ɗan gaban abokan karawa a satar gida.

Muka je Ikara gwada ta. Ƙwallo ta farko da aka zuro, 'yan bayana suka fito cif, suka ɗaga hannu sama su huɗu, gwanin sha'awa. Ɗan gaban Ikara ya wuce abinsa ya ci. Ba a busa komai ba. Ashe wasan babu masu tuta a gefe, alƙali ne shi kaɗai, wani dattijo mai fara'a. A hutun rabin lokaci na je na gaishe shi, na ce, "Baba, ai waccan satar gida ce."

"Wataƙila haka ne, Malam," ya ce. "Amma idona biyu ne, kuma duka suna kan ƙwallo."

Biyu da ɗaya aka ci mu. A hanya na gane cewa a filayenmu na ƙauye ba a dogara da usur ɗin wani.

Sai na canza salo. Na ce su daina kallon mai gudu, su kalli mai ba da ƙwallon. In ya samu sarari ya ɗaga kai, kowa ya ja da baya tun kafin ya buga. In an matse shi ko ya juya baya, sai a fito. Na kuma sa ɗan tsakiyarmu ɗaya ya manne masa, kada ya bar shi ya yi numfashi. Saura wanda zai riƙa ba da umarni. Golanmu muryarsa ba ta wuce ƙofar ragarsa, don haka na ba mai rake aikin, tunda shi daga bakin tasha ake jin tallarsa har cikin kasuwa. Kalma biyu kawai na ba shi: "Koma!" da "Fito!"

Bayan girbin masara muka sake haɗuwa da 'yan Kudan, wannan karon a Makarfi. Minti biyar da farawa gajeren ya taka ƙwallo ya ɗaga kai. "Komaaa!" in ji mai rake, har wata mai tallar gyaɗa ta firgita. Ƙwallon ta zo, ta tarar da tela yana jiranta, ya share ta waje, ya juyo ya kalle ni yana washe baki. Haka aka yi ta yi. Sau ɗaya siririn ya kuɓuce, ƙanen manomin ya bi shi ya tare ƙwallon da tsinin takalmi. Daf da tashi muka samu bugun kwana, babban cikin manoman ya sa wa ƙwallon kai, ta shige raga. Ɗaya da nema.

Da aka tashi siririn ya zo ya miƙo min hannu biyu yana haki.

"Koci, yau na yi gudu ya fi na kullum, amma ko ƙwallo uku ban taɓa ba."

Na ce masa Allah ya ƙara ƙafa, ya gaida mutanen gida.

A bayan wata motar tumatir muka koma, mu goma sha takwas a tsaye, ana kiɗa da jarka. Kusa da gari ta kafe a taɓo, muka sauko muka tura ta da rigunan wasanmu, direban yana ta tambayar wa ya ci ƙwallon, kowa yana cewa shi ne.